Kwanika a Tsakiyar Damina: Nazarin Lamarin Wata Uwa da 'Ya'yanta Biyu

Wannan bayani ne a kan mace ɗaya da na bi lamarinta daga Agustan 2024 zuwa Yulin 2025, a ƙaramin asibitin da nake aikin awon ciki a wani ƙauye na jihar Jigawa. Na sakaya sunanta da na garin. Awon da za a gani a nan daga katinta da katunan yaranta na kwafo shi.

Kafin ta zo: gidan da cimarsa

Shekararta 24 a ƙiyasi. An yi mata aure tana da 16, wannan kuma shi ne cikinta na huɗu. 'Yar farinta tana raye, shekara shida. Na biyu ya rasu bai cika shekara ba, bayan ƙyanda. Na uku namiji ne, haihuwar Afrilun 2023. Duk ukun a ɗakinta ta haife su.

Gidan gandu ne: mijinta, ƙanensa da matarsa, da mahaifiyarsu wadda kowa ke kira Inna. Gero da dawa da ɗan wake suke nomawa. Da rani mazan suna tafiya Kano cin rani. Inna ce ke auno hatsi daga rumbu kullum da safe, ita ce kuma ke rabon tuwo idan an sauke. Kwanon maza ake fara cikawa a kai zaure, sai na Inna, sai na yara. Abin da ya rage a tukunya, har da ƙanzo, shi ne na matan gidan biyu. Ba wanda ya tsara haka don mugunta. A haka kowa ya tashi ya tarar.

Matar tana surfe da daka na kuɗi, tana kuma da kaji bakwai. Ƙwan ba na ci ba ne. Ranar kasuwa ake sayar da shi a sayo gishiri da magi da sabulu.

Shekarar ma ta zo da nata. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 kaya suke hawa, har zuwa Yunin 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tashin farashin abinci ya haura kashi 40 cikin ɗari. A gidan nan ma'anar wannan ita ce wake da kifi sun fita daga miya, manja ya koma na ɗanɗano.

Yuni zuwa Agusta 2024: yaye da zuwan farko

Cikin ya shiga ne wajen tsakiyar Afrilu, yaron yana da shekara ɗaya yana kan nono. Kwanika ke nan, wasu su ce rurrutsa. Ta ɓoye har wata biyu, saboda kunya da gudun gori. Da Inna ta gane a watan Yuni, a ranar aka cire yaron daga nono, aka shafa wa nonon ɗaci, aka mayar da shi ɗakin kakarsa. Dalilin sananne ne a ƙasar Hausa: ana cewa nonon mai ciki ya gurɓata, shi ke sa yaro zawo da rama. A likitance babu wannan magana. Mai ciki lafiyayya tana iya ci gaba da shayarwa, sai dai dole cinta ya ƙaru. Yaron da ke samun rabonsa daga nono sai ya wayi gari ba shi da komai sai koko mai ruwa-ruwa da loma biyu daga kwanon yara.

Ranar 14 ga Agusta ta zo asibiti, kuma ba don kanta ta zo ba. Yaron ne ya yi sati biyu yana zawo. Na ɗaura masa ma'aunin damtse, igiyar nan mai ja da rawaya da kore, ta tsaya a santimita 11.2. Duk abin da ya gaza 11.5 ja ne, wato tamowa mai tsanani. Nauyinsa kilo 6.8 yana wata 16. Ƙafarsa ba ta kumbura ba, da muka ba shi abincin tamowa na leda ya karɓa ya ci, don haka bai buƙaci kwanciya ba. Aka sa shi a shirin karɓa daga gida: leda 18 a mako, biyu da rabi a rana, da maganin ƙwayoyin cuta na kwana bakwai.

Tana gyara goyo ne na lura da cikin, na kuma lura da numfashinta. Na ce ta zauna. Na ja fatar idonta ta ƙasa, fari fat. Tafin hannunta ma haka.

Awon ranar: ciki sati 17 zuwa 18, nauyi kilo 46, damtse santimita 21.5, jini 8.4. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa mai ciki da jininta ya yi ƙasa da 11 (ko 10.5 a watanni ukun tsakiya) a matsayin mai ƙarancin jini, ƙasa da 7 kuma mai tsanani. Damtsen mai ciki da bai kai 23 ba alama ce ta cewa za ta iya haifar jariri maras nauyi. Ba ta taɓa zuwa awo ba a wannan cikin, alhali shawarar hukumar tun 2016 ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas, na farko kafin sati 12 ya wuce.

Irinta ba baƙuwa ba ce a teburina. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 61 cikin ɗari na masu ciki a Najeriya da ƙarancin jini.

Na ba ta ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ayon (wato sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi) miligiram 60, ɗaya safe ɗaya yamma, da folik asid, da Fansidar na rigakafin zazzaɓin cizon sauro wanda ta haɗiye a gabana, da gidan sauro. Sai na karanta mata abin da muke karanta wa kowa: ki riƙa cin ƙwai, nama, kifi, madara, kayan marmari. Ta ce, "To, Malama." Ta tafi.

Satumba 2024: abin da bai ci ba

Duk mako tana kawo yaron, amma awonsa ya ƙi motsi. Bayan sati huɗu damtsensa 11.4 ne kawai. Yaron da ke cinye leda biyu da rabi a rana, kowace mai kalori 500, ya kamata a ce ya fi haka nisa.

Ranar 18 ga Satumba na sake auna ita kanta. Nauyi kilo 46.5, wato rabin kilo a sati biyar, lokacin da ya kamata tana ƙara kusan hakan duk mako. Jini ya sauka zuwa 7.9. Na tambaye ta ko tana shan magani, ta ce tana sha. Na ce ta kawo min ledar in gani. Washegari 'yarta ta kawo. Cikin ƙwaya 70 da ya kamata ta shanye, 12 kawai suka fita.

A wannan tsakanin mijin ya yi nasa ƙoƙarin. Ya je kyamis a ranar kasuwa ya sayo kwalbar tonik, da lemon malt da madarar gwangwani da aka ce masa haɗinsu na ƙara jini nan take. Inna kuma ta riƙa jiƙa mata zoɓo, tunda ja ne. Kuɗin da ya tafi a malt da madara na sati biyu da ya sayi waken da zai kai ta wata guda. Ayon da ke cikin madara bai taka kara ya karya ba, malt kuwa galibinsa sukari ne. Ban ga laifin mutumin ba. Abin da ya ji ana faɗi shi ya yi, kuma da guminsa ya saya.

Ƙarshen Satumba: ziyarar gida

Ranar 23 ga wata na je gidan da yamma tare da wata mai aikin sa-kai 'yar garin, wadda Inna ke ganin mutuncinta. Muka zauna a tabarma a tsakar gida har aka sauke tuwo. Abin da na kasa ganowa a zama biyar a asibiti, a awa biyu na gan shi.

Maganin dai na farko. Da sassafe take haɗiyarsa, cikinta ba komai, ta bi shi da shayi baƙi. Sai tashin zuciya ya taso mata har azahar, ga surfe na jiranta. Bayan kwana uku ta ga bayan gidanta ya yi baƙi ƙirin, ta tsorata. Ni ce ban gaya mata cewa haka ayon ke yi ba, kuma ba illa ba ce. Shayin ma yana da nasa: sinadarin da ke sa shi bauri yana kama ayon ya hana hanji tsotse shi. Ana cikin haka Inna ta ce maganin asibiti na ƙara wa ɗa girma a ciki, a zo haihuwa a sha wuya. Matar da ke haihuwa a ɗaki, ba mota a garin da dare, ba za ta ɗauki wannan magana da wasa ba. Sai ta tura ledar ƙarƙashin katifa.

Abincin yaron kuma, na ga an yage leda ɗaya, yara huɗu sun kewaye ta kowa da yatsa. Da na yi magana Inna ta ce, "Haba 'yar nan, ya za a yi ɗaya na ci uku na kallo?" Ba ni da amsa mai sauƙi a kan wannan. Daga baya facalarta ta shaida wa abokiyar tafiyata cewa ana sayar da leda uku ko huɗu a mako a sayo garin masara.

Sai rabon tuwo. Na ga malmala ta tafi zaure, na ga ta Inna, na ga ta yara. Mai cikin da facalarta suka zauna a bakin murhu da kwano ɗaya, yaron mai tamowa ya rarrafo ya zauna a cinyarta, ta riƙa ɗebo daga gabanta tana ba shi. Na ƙirga abin da ya shiga bakinta. Bai kai loma goma ba, da miyar kuka wadda ba ta ga komai ba sai daddawa da barkono. Da safe koko, da rana fura idan ta samu. Mai ciki a watannin tsakiya tana buƙatar ƙarin kalori wajen 340 a rana a kan abin da ta saba, a watanni ukun ƙarshe wajen 450. Ita ko na mace marar ciki ba ta samu, ga turmi.

Gidan sauron yana ɗakin maigida, a ɗaure da kyau.

Da na taɓa jikinta na ji ɗumi. Ta ce ai kullum da yamma haka take ji, ta ɗauka laulayi ne. Washegari gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, tana kuma taruwa a mabiyiya ta tauye abin da ke isa ga ɗan tayi. Muna zuba ruwa ne a tulu mai huda.

Oktoba zuwa Disamba 2024: abin da aka sauya

Mun fara da toshe hudar. Ta sha cikakken maganin zazzaɓi na kwana uku. Ta sha albendazol ƙwaya ɗaya ta miligiram 400 don tsutsar ciki, wadda ake iya bai wa mai ciki bayan wata ukun farko. Fansidar ya koma duk wata, a gabana. Na ba da gidan sauro na biyu, na tsaya har aka ɗaura shi a kan gadonta.

Maganin jini ya koma bayan tuwon dare, ƙwaya ɗaya tak a satin farko, sannan aka ƙara ta biyu bayan furar rana. Ba shayi sai an yi awa biyu. Idan akwai lemon tsami ko goba ko tsamiya ta haɗa, don bitamin C yana taimakon ayon ya shiga jiki. Ledar maganin kuma na damƙa wa Inna a hannu. Na ce mata, "Inna, ke ce likitar gidan nan, ni ta asibiti ce kawai." Na yi mata bayanin cewa maganin jinin uwa yake ginawa, kuma macen da ta shiga naƙuda da jini 7, zubar da wata za ta jure ita tana iya tafiya da ita. Inna ta yi shiru, sannan ta ambaci wata ƙanwarta da ta rasu a kan gwiwa shekaru da yawa da suka wuce. Tun daga ranar ba a sake tsallake ƙwaya ba, in ban da kwana huɗu da ta yi tafiya biki.

Maganar abinci ta fi wuya, kuma ba ni na warware ta ba. Mai aikin sa-kan ce ta kai zancen wurin limamin unguwa, shi kuma ya kira mijin bayan sallar isha'i. An ce ya karanta masa aya ta 233 a Suratul Baƙara, wadda ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, ta kuma ɗora ci da tufatar da uwa a wuyan uban ɗa. Abin da ya biyo baya abu uku ne ƙanana. An ware mata kwanonta daban, ana zuba mata tare da na maza. Ƙwai uku a mako ya daina zuwa kasuwa. Ta ajiye surfen kuɗi, mijin ya ɗauki biyan injin niƙa.

Lokacin kaka ya taimaka. Da aka cire wake aka ware mata mudu biyar ba na sayarwa ba. Muka koya musu haɗin garin kunu da ake yi a shirye-shiryen tamowa: awo shida na hatsi, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama a niƙa tare. Kofi biyu a rana, mai kauri, ita da yaron. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya zama na kullum, tunda bishiyar tana bayan ɗaki ana kallonta. Awara idan an samu sukuni. Ba wanda ya ƙara ambatar nama.

Kunun ya yi wani amfani da ban hango ba. Da sauran yaran suka samu abin sha mai daɗi, sai aka ƙyale wa mai tamowa ledarsa. Ranar 30 ga Oktoba damtsensa ya kai 12.6, mako na gaba 12.7, aka sallame shi da kilo 8.1. Sati 12 ya yi a shirin, kusan ninkin abin da muka saba gani.

Awon uwar: 23 ga Oktoba, jini 9.1, nauyi 48.2. Ranar 20 ga Nuwamba, jini 9.8, nauyi 50. Ranar 18 ga Disamba, jini 10.4, nauyi 51.8, damtse 22.3.

Janairu 2025: haihuwa cikin hunturu

Ta haihu a asibiti ranar 12 ga Janairu da asuba, karo na farko a rayuwarta. Mace, kilo 2.4, cikin ya kai sati 38 da 'yan kwanaki. Jaririn da bai kai kilo 2.5 ba ana lissafa shi maras nauyi. An yi wa uwar allurar tsayar da jini da zarar jaririyar ta fito, zubar ba ta wuce kima ba.

Cikin awa ɗaya muka ɗora ta a nono. Nan Inna ta tsaya. A wurinsu dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da launin rawaya, dauɗa ne da ake matsewa a zubar, a riƙa bai wa jariri ruwan dabino ko nonon akuya har kwana uku. Ta kuma so a gwada nonon da tururuwa, tunda an taɓa rasa ɗa a kansa: a tatsa a ludayi a jefa ta, in ta mutu nonon mugu ne. Na ce mata ai ɗan da ya rasu ƙyanda ce ta ɗauke shi, ita ma shaida ce. Dakashi kuma shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, cike yake da garkuwar jikin uwa. Ba ta ce ta yarda ba. Cewa ta yi, "Ku kuka sani." Dabinon dai an shafa mata a dasashi don sunna, iyakarsa ke nan.

Sanyi ne abin tsoro ga jaririya mai wannan nauyi. Muka nuna musu goyon ƙirji: jaririya daga ita sai hula da ƙyalle, a manna ta tsakanin nonon uwa fata da fata, a ɗaure da zane. Inna ta yi dariya ta ce goyo ya koma gaba. Amma ita ce ke karɓa idan uwar ta shiga wankan jego. An jinkirta yi wa jaririyar wanka har kwana ɗaya.

Jego ya zama lokacin da ta fi cin abinci a duk shekarar. Al'ada ta yarda mai jego ta ci, ga naman suna, ga ƙauri. Kunun kanwa ne kawai na roƙa a rage a mayar da shi kunun haɗin nan, don kanwa gishiri ce mai yawa, cika ciki take yi ba ta gina komai. Maganin jini ya ci gaba wata uku bayan haihuwa. A rigakafin sati shida jaririyar ta kai kilo 3.7.

Maris da Afrilu 2025: azumi da zafi

An ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, jaririyar tana sati bakwai. Uwar ta ɗauka tare da kowa. Mai shayarwa tana buƙatar ƙarin kalori wajen 500 a rana, fiye da na mai ciki. Jiki kuma yana fifita nono: ko uwa ba ta ƙoshi ba, zai ciro daga tsokarta da kitsenta ya zuba wa jariri. Haka aka yi. A awon sati goma jaririyar ta kai kilo 4.5, lafiya lau. Uwar ce ta faɗo daga 48.5 zuwa 46.4, tana jiri idan ta miƙe. Na tuna mata rangwamen da shari'a ta yi wa mai ciki da mai shayarwa idan sun ji tsoron cutuwa, na ce ta tambayi malam yadda ramuwa take. Ta ajiye a rana ta 23. Kunyar a gan ta tana ci da rana ce ta sa ta kai har nan.

Afrilu ya kawo jarrabawar da na fi tsoro. Zafi ya tsananta, mijin yana Kano, Inna ta fara ɗura wa jaririyar ruwan randa da cokali. Hujjarta ita ce babba ma ƙishi na kashe shi, balle jinjiri, kuma hana ɗan Adam ruwa zunubi ne. Nonon uwa kusan kashi 88 cikin ɗari ruwa ne, jaririn da ake ba shi duk lokacin da ya nema ba ya buƙatar wani ruwan har wata shida, ko a wane irin zafi. Amma wannan magana tana da wuyar shiga kunne idan ana zufa a inuwa. Ba mamaki binciken 2018 ya samu kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake bai wa nono zalla a Najeriya.

Ranar 22 ga Afrilu aka kawo ta da zawo na kwana uku. Nauyi 4.7, giram 200 kacal a wata guda. Ruwan gishiri da sukari na leda, zinc miligiram 10 kullum na kwana goma, nono ba ƙaƙƙautawa. Wannan karon ban yi dogon bayani ba. Na sa uwar ta tatsa a kofin gilashi na ɗaga wa Inna a haske. Nonon farkon tsotso tsinkakke ne, har yana ɗaukar shuɗi-shuɗi. Na ce, "Inna, ga ruwanta nan. Wanda za ki ba ta, ki bai wa uwar ta sha." An daina ɗurar, ko kuma an rage ta ƙwarai. A gida ban kwana ba.

Yuli 2025: awon ƙarshe

Ranar 16 ga Yuli, jaririya wata shida: kilo 6.3, tsawo santimita 61.5. Nauyin yana cikin iyaka, tsawon yana gab da layin tsumburewa. An fara mata kunun haɗi mai kauri da gwaiduwar ƙwai, nono na ci gaba. Yayanta, wata 27: damtse 13.4, yana gudu, amma gajere ne a shekarunsa. Uwa: kilo 48, damtse 22.8, jini 11.2. A watan Mayu ta karɓi allurar tazarar haihuwa ta wata uku da yardar mijinta. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin.

Hukunci: me ya yi aiki, me ya sa

Sati biyar na farko asara ce, kuma kaso mafi girma na laifin namu ne na asibiti. Mun ba da magani ba mu faɗi abin da zai biyo bayan shansa ba. Mun ba da rigakafin zazzaɓi ba mu gwada ko yana jikin ba. Mun karanta jerin abinci ga wadda ba ita ke riƙe da mudu ko ludayi ba. Duk abin da muka miƙa mata a ranar, ƙwaya da leda da gidan sauro, da ya shiga gida sai ya bi tsarin rabon gidan, inda ita ce ta ƙarshe.

Jinin ya tashi ne saboda an haɗa abu biyu a lokaci ɗaya: an tsayar da abin da ke cinye shi, an kuma samu ayon yana shiga kullum. Ciki ɗaya yana cin ayon wajen miligiram 1,000, kuma tuwo da zogale kaɗai ba za su biya wannan ba a jikin da ya fara da bashi. Nauyin kuma abinci ne ya ɗaga shi, da ajiye taɓarya. Ba sabon abinci aka kawo daga wani wuri ba, in ban da waken suya. Wanda ke gidan ne aka sauya wa hanya, kuma waɗanda suka sauya ta su ne Inna da mijin. Sai dai kada in yi wa kaina kirari: gyaran ya faɗo daidai da kaka. Da a Yuli muka je gidan, rumbu ya yi ƙasa, ban san abin da za a zuba a kwanon da aka ware ba.

Abin da bai gyaru ba ya samo asali ne tun kafin 14 ga Agusta. Ta shiga cikin a rame, shekara ɗaya bayan haihuwa, ta yi wata huɗu ba awo. Kilo 2.4 na jaririyar da gajartar yayanta daga can suka taso. Rahoton da UNICEF ta fitar a Maris ɗin 2023 ya ce cikin yara miliyan 51 'yan ƙasa da shekara biyu da suka tsumbure a duniya, wajen rabi tun suna ciki ko a wata shidan farko abin ya same su. Rahoton ya kuma ce masu ciki da masu shayarwa da ke fama da matsananciyar rama sun ƙaru daga miliyan 5.5 zuwa 6.9 tun 2020 a ƙasashe 12 da matsalar abinci ta fi tsanani, cikinsu har da Najeriya, Nijar, Chadi, Sudan, Habasha, Yaman da Afghanistan. Duk da haka, a asibiti irin namu yaro mai jan awo yana da rajista da leda da ranar karɓa. Uwa mai damtse 21.5 ba ta da komai sai ƙwaya da nasiha. Ita ma da ba ta kawo yaron ba, da ban ja fatar idonta ba.

Yanzu damina ta sake tsayawa, hatsin bara ya kusa ƙarewa, kajin sun koma huɗu. Facalarta na da ciki wata uku, kuma Inna ce da kanta ta rako ta awo ranar Laraba, da ledar magani a ƙulle a bakin mayafi. Damtsenta 22.1. Na rubuta mata kati, na sa ranar zuwa gidan.